Ni na raka shi ƙofar Daffo: amsa ga uban da ɗansa soja ya rasu a fagen daga

"Ni tsohon malamin firamare ne a Zariya. Ɗana na fari soja ne mai igiya ɗaya. Ni na ƙarfafa masa gwiwa ya shiga, ni na raka shi ƙofar Daffo, wurin horar da sabbin sojoji, ranar da aka yaye su kuwa ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Wata bakwai ke nan da aka yi musu kwanton ɓauna a Borno, Allah Ya karɓi abinSa, aka binne shi a can ba mu ga gawarsa ba. Ya bar mata da yaro namiji ɗan shekara biyu. A gaban mutane ina cewa ya rasu yana kare ƙasarsa, kuma har zuciyata na yarda da haka. Amma da dare ba na barci, wani lokaci har haushin ƙasar nake ji. Mahaifiyarsa ba ta yi mini magana sai ta kama dole, ta ce ni na ba da shi. Haƙƙoƙinsa har yau shiru. Ga ƙaninsa ya ce shi ma soja zai shiga. Shin kishin ƙasar da na raine su a kai kuskure ne? Wannan baƙin cikin kuma rashin tawakkali ne?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa, Ya raya abin da ya bari.

Idan na fahimce ka, kana ganin dole ɗaya ya ba ɗaya wuri: in dai kishin ƙasarka gaskiya ne, bai kamata zuciyarka ta yi ta ƙuna haka ba, in kuma ƙunar gaskiya ce, to kishin ne ya yaudare ka. Wannan lissafin shi ke hana ka barci, kuma ba daidai ba ne. Alfaharin da kake faɗa da rana gaskiya ne, abin da ke taso maka da dare shi ma gaskiya ne. A aikin ba da shawara ga iyalan da suka yi irin wannan rashi, wanda ya fi shan wuya shi ne uban da ya ɗaura wa kansa aikin zama dutse, yana maimaita wa masu gaisuwa "ai ƙasa ya bauta wa" har ya rasa wanda zai gaya wa cewa kewar yaronsa yake yi.

Abin da addini ya ce game da hawaye

Mu fara da tawakkali, tunda shi ya fi ci maka rai. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. A shekara ta 8 bayan hijira, da Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada a Mu'uta, ya sanar da mutanen Madina idanunsa na zuba, ya kuma ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Mahaifiyar Harisa ɗan Suraƙa, wanda kibiya ta kashe ranar Badar, ta zo ta tambaye shi ƙarara ina ɗanta yake: in yana Aljanna ta yi haƙuri, in ba haka ba ta tsananta kuka. Bai kwaɓe ta ba, ya ba ta amsa cewa ɗanta yana Firdausi maɗaukakiya. Annabi Yaƙubu (AS) kuwa ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai ya ce "haƙuri mai kyau".

Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganar da ke tuhumar hukuncin Allah. Rashin barci, kewa, hawaye a kan darduma, babu ɗaya daga cikinsu a wannan jeri.

Maganar nan da ake yawan ja wa mutane, "son ƙasa yana daga imani", malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga Manzon Allah ba, don haka kada wani ya ɗaure ka da ita. Ba ka ma buƙatarta. Ya tabbata cewa ya dubi Makka ya ce ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi, kuma ya tabbata cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa shahidi ne. Wanda ya tsaya tsakanin masu kisa da ƙauyen da ake son ƙonawa, muna kyautata masa zaton wannan matsayi, hukunci kuma na Allah ne.

Kishin ƙasa da jin haushi

Kai ba baƙo ba ne a wannan hanya, haka ma garinku. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo na Zariya. Makarantar yaran soja tana nan tun 1954. Sunan barikin Chindit ma daga rundunar da ta yi yaƙi a dajin ƙasar Bama (Burma) a 1944 ya samo asali, kuma akwai sojojin Najeriya a cikinta. Daga nan iyaye suka yi ta sallamar 'ya'yansu zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, zuwa Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sannan zuwa Arewa maso Gabas tun daga 2009. Mutumin da ya tashi yana ganin faretin yaye kurata, ya kuma shafe shekaru yana jagorantar yara rera taken ƙasa da safe, ba abin mamaki ba ne ya ga aikin soja a matsayin aikin mutunci. Kuma aikin mutunci ne. Akwai garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa da mutane suka koma gidajensu suka yi noma saboda irin su ɗanka.

Haushin da kake ji, ka duba da kyau wa kake jin haushinsa. Ba na jin manomin Gwoza ko mai sayar da kifi a Baga ne. Yawanci abin da ke ƙona iyaye shi ne yadda labari ya iso musu, wani ma a Facebook ya fara gani. Ko rashin cikakken bayanin yadda abin ya faru. Ko ganin an yi shiru da haƙƙin marayu bayan an gama jawabi. Ƙasa daban, masu riƙe da amanarta daban. Uban da ya ce "ɗana ya cika nasa alkawari, ku cika naku" bai fita daga kishin ƙasa ba ko taku ɗaya. Ni a ganina ma ya fi wanda ya yi shiru kishi, domin shirun iyaye shi ke sa a saba.

Sai batun "ni na ba da shi". Ka ba shi shawara da abin da ka sani a lokacin: aiki ne na halal, yaro yana so, ga albashi, ga daraja. Shi kuma baligi ne, ya sa hannu da kansa, ya jure horon da wasu ke gudu tun makon farko. Idan ka ɗauke dukan nauyin ka aza a kanka, ka ƙwace masa zaɓin da ya yi da jarumtar da ke cikinsa. Waɗanda suka ɗana kwanton su suka kashe shi. Da na sani ƙeya ce, kuma hadisi ya gargaɗe mu cewa "da na yi kaza" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki.

Mahaifiyarsa

A nan nake so ka fi ba da ƙarfi. Ɗan fari ne. Ka san al'adarmu: wataƙila ba ta taɓa kiran sunansa a bainar jama'a ba, ba ta yi masa wasa a gaban surukai ba, ta ɓoye sonsa shekara da shekaru saboda alkunya. Yanzu ya tafi, ba ta gan shi ba, ba ta yi masa addu'a a kan makara ba, alkunyar nan kuma tana nan tana hana ta faɗin girman abin da ta rasa. Fushi yana neman inda zai sauka, kai ne mafi kusa kuma kai ne wanda ba zai gudu ba.

Kuskuren da maza ke yi shi ne amsa mata da hujja. Ta ce "kai ka ba da shi", ka ce "ajali ne", ko "ai shahidi ne", ko "ƙasa ya yi wa". Duk gaskiya ne, amma abin da kunnenta ke ji shi ne: wannan mutumin bai ji zafin da nake ji ba. Tana ganinka a zaure kana magana da ƙarfin hali, ba ta san ba ka barci. Ka gaya mata. Ka zaɓi lokacin da babu kowa, bayan sallar isha'i ko bayan asuba, ka ce mata kai ma tunanin ranar da ka raka shi yana damunka, kai ma kana kewarsa. Kada ka kare kanka, kada ka nemi ta janye maganarta a ranar. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, in ta tashi ta fita ka sake gwadawa bayan kwana biyu. Kada kuma ka bari masu zuwa gaisuwa su riƙa yi mata wa'azi da labarin matan da aka ce sun rasa 'ya'ya a yaƙi ba su yi kuka ba. Ka samo mata mace ɗaya da ta yi irin wannan rashi, a Basawa ko Sabon Gari ba za a rasa ba, su riƙa zama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Rashin ganin gawa yana da nasa illa: zuciya tana ƙin gaskatawa, uwa ta riƙa zabura in waya ta yi ƙara. Maganinsa mafi kusa shi ne ziyarar kabari. Sojojin da suka rasu a wannan fage da yawa ana binne su a maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari a Maiduguri. Ka rubuta wa rundunarsa ka nemi a tabbatar maka da wurin da lambar kabarin, da wanda zai tarbe ku, kafin ku kama hanya. Ku bi ta Kano, Potiskum, Damaturu, ku tsara tafiyar yadda za ku shiga Maiduguri da rana tsaka. In lafiyarta ta ba da dama kuma tana so, ku tafi tare da matar marigayin. Ka nemi ganin limamin da ya yi masa sallah ko abokin aikinsa da ke wurin, amsar tambaya ƙarama irin "ya sha wahala?" ko "wa ya sa shi a kabari?" tana kwantar da abin da wa'azin shekara bai kwantar ba. Game da sallar gawa daga nesa, mazhabar Malikiyya da aka fi bi a Zazzau ba ta yin ta, Shafi'iyya da Hambaliyya suna yi; tunda an riga an sallace shi a can, addu'a da sadaka sun wadatar.

Yaushe baƙin ciki ke zama ciwo

Baƙin ciki ba ya tafiya a layi. Yana lafawa ya dawo, musamman da Sallah, da azumi, da ranar da aka yaye sabbin kurata, da 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya. Wannan ba koma-baya ba ne. Amma mutuwar fuju'a, ta hanyar kisa, babu gawa, ga zargin kai, su ne ainihin abubuwan da ke sa baƙin ciki ya daskare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa idan ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Likitocin Amurka suna ƙidaya wata 12. Wani babban bincike da aka yi a Denmark, aka wallafa a 2003, ya nuna cewa iyaye mata da suka rasa ɗa sun fi sauran mata haɗarin mutuwa da wuri. Don haka lura da Hajiya ba shagwaɓa ba ce.

Ku je asibiti idan ɗayanku ya shafe makonni yana barcin da bai wuce awa uku ko huɗu ba, ko yana ramewa, ko ya daina wanka da fita da shiga mutane, ko yana mafarkin harin yana farkawa a firgice, ko ya daina shan maganin hawan jini ko na suga. Idan kuwa maganar "gara in bi shi" ta fara fitowa, a ranar za a tafi, kuma kada a bar mutum shi kaɗai. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ku auna jini ku duka biyu a wannan makon. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis: irin su diazepam suna sa barci na 'yan kwanaki, daga nan jiki ya saba, ga jiri da faɗuwa ga mai shekaru. Daga wasiƙa ba zan iya yanke cewa kana da wannan ciwo ko ba ka da shi ba, sai likita ya zauna da kai. Abin da zan iya cewa shi ne wata bakwai ba barci ya isa dalilin zuwa.

Haƙƙoƙinsa

Bin haƙƙi ba kwaɗayi ba ne, dukiyar maraya ce kake tsarewa. Abin da aka saba biya idan soja ya rasu a bakin aiki ya haɗa da kuɗin jana'iza, kuɗin inshorar rai ta ma'aikata, kuɗin asusun walwala da ake cira daga albashinsa, garatuti na mamaci, da tallafin karatun 'ya'ya. Ba ofis ɗaya ke biyansu ba, ba kuma lokaci ɗaya suke fitowa ba: garatuti yana bi ta Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, inshora ta Ma'aikatar Tsaro, sauran ta hedikwatar rundunar sojan ƙasa. Amma duk daga wuri ɗaya suke tashi, wato bataliyarsa ta ƙarshe. In fayil bai bar can ba, zaryar Abuja ɓata kuɗin mota ce.

Abu na farko, ka gano sunan wa ya rubuta a matsayin makusancinsa. Nan ne aka fi samun cikas. Yaro yana shiga Daffo ba aure ya rubuta uba ko yayansa, ya yi aure bai sauya ba. Ko ya sauya zuwa matarsa iyaye ba su sani ba. Wanda sunansa ke takarda shi kaɗai za a saurara. Na biyu, ku haɗa takardu: wasiƙar ta'aziyya daga kwamandansa, takardar shaidar rasuwa, wasiƙar gabatarwa daga rundunar, takardar rantsuwa daga kotu, katin shaidar ɗan ƙasa, hotuna, takardar aure, takardar haihuwar yaron, da asusun banki mai sunan wanda zai karɓa. Ka duba rubutun suna harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta NIN ta saɓa da ta BVN, ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni. Ka yi kwafi uku na komai, kada ka saki na asali. Ka riƙe littafi ka rubuta ranar da ka kai kowace takarda, wa ya karɓa, da lambar wasiƙar da aka tura ta da ita. Da wannan lambar ake bin sawu. Ka rubuta lambar aikinsa a kan kowace wasiƙa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da mutanen da suka san hanyoyin nan, ka neme su. Duk wanda ya kira ka ya ce a tura kuɗi don a fito da fayil, ko ya nemi lambar sirrin katin banki, ɗan damfara ne.

Idan matar tana zaune a bariki, za a ba ta wa'adin tashi. Ku shirya mata wuri tun yanzu. Takabarta ta wata 4 da kwana 10 ta ƙare, tana da 'yancin yin aure, kuma kada a yi amfani da kuɗi ko yaro a tsare ta.

In kuɗi sun fito, wanda ya karɓa ɗan amana ne, ba mai dukiya ba. A fara da bashi, domin hadisi ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ka tambayi abokansa da matarsa, har bashin kanti da na adashi. Sai wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage, a yadda ka bayyana iyalinsa, ana kasa shi 24: matarsa 3, mahaifiyarsa 4, kai 4, yaron 13, 'yan'uwansa ba su da kaso. Albashin da ya rage da ajiyarsa da kadarorinsa gado ne babu saɓani. Kuɗin da hukuma ta ware wa wani da suna, kamar na karatun yaro, nasa ne shi kaɗai. Inshora da garatuti kuwa malamai sun yi saɓani a kan ko gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata, don haka ku kai gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci a Zariya ya raba a rubuce. Rabon cikin gida ba shaida shi ke raba kaka da jika. Kason yaron a sa shi a abin da ba ya narkewa, fili ko gida mai takarda da sunansa, da shaidu daga ɓangaren uwa da na uba.

Ƙaninsa

Kada ka ce masa e, kada ka ce a'a, a wannan shekarar. Ka tambaye shi dalili ka saurara. In ramuwa ce ke ransa, ko yana so ya maye maka gurbin wansa don ya ga ka sake yin alfahari, to ba lokacinsa ba ne. Mai shiga daji da fushi yana jefa kansa da abokansa cikin haɗari. In kuwa tun da can aikin yake so, ana ɗaukar kurata daga shekara 18 zuwa 22, masu sana'a har 26, kuma ana buɗe ɗauka a kai a kai, jiran shekara ɗaya ba zai rufe masa ƙofa ba matuƙar shekarunsa ba su kai gaɓa ba. Ya yi amfani da lokacin ya gyara sakamakon jarrabawarsa ko ya ƙware a wata sana'a, kanikanci ko aikin lafiya ko lantarki, wanda zai amfane shi ko ya shiga ko bai shiga ba. Wannan karon kuma shawarar ba taka kai kaɗai ba ce. Manzon Allah (SAW) ya mayar da mutumin da ya zo neman izinin fita yaƙi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce ya koma ya yi ƙoƙarinsa a kansu. Ka gaya wa yaron a gaban mahaifiyarsa cewa ba zai cike fom ba sai da yardarta, kuma ka tsaya a kan hakan ko da amsarta ta zama a'a.